Na'ura Ta Ƙi Yatsuna, Yanzu 'Yata Ta Kulle Mini Sabulu

Assalamu alaikum, Hajiya mai wannan fili. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, don ba na son matan da muke haɗuwa a masallaci su samu abin taunawa. Ban saba kai kukana wurin kowa ba. Ni ake kawo wa ƙara, in yi faɗa, in raba gardama, kowa ya kama gabansa. To yau abin ya shigo cikin ɗakina, kuma wadda muke kai ruwa rana da ita ni na haife ta.

Bari in fara da godiya ga Allah, kada a ce na butulce. Fasfona ya fito. Yana nan cikin jakata sabo fil, a yini sai in ciro shi in duba in mayar, kamar wani zai zo ya ce an yi kuskure. Dutsen da ya danne mini ƙirji ya sauka, ina barci, abinci yana shiga. Abin da neman fasfon ya bari a gidana shi ne ya sa na zauna rubuto miki.

Mun daɗe a wannan ƙasa da ba tamu ba. Maigidana direban bas ne. Ni kuma ina aiki a ɗakin wanki na wani gidan kula da tsofaffi. 'Ya'yanmu uku: 'yar farina da ke karatun aikin jinya, sai ƙannenta maza biyu 'yan sakandare. Ƙannen suna ce mata Yaya, ubanta yana ce mata Likita tun ba ta gama ba, ni kuwa "ke" ta wadatar da ni, sai in ta ƙure ni in ce mata Madam.

Sai na gaya miki yadda aikina yake kafin ki gane sauran. Akwai manyan injuna, suna yin nasu. Amma zanen gadon tsoho marar lafiya, kin san abin da nake nufi, akwai tabon da inji ba ya fitarwa. Sai an jiƙa a ruwan zafi da bilic, sinadarin nan mai cin tabo, an cuɗa da hannu. Suna raba mana safar hannu ta roba, ni dai ban taɓa sa ta ba. Da safa ba ka jin inda tabon ya maƙale, ba ka jin ko sabulu ya gama fita, hannu ya yi ta gumi a ciki kamar ana dafa shi. Yaran da muke aiki tare suna sawa, shi ya sa ake dawo musu da wanki su sake. Nawa bai taɓa dawowa ba, kuma ba yabon kai nake ba. A gida ma haka nake. Mun tarar da injin wanke kwanuka a gidan da muke haya, na mai da shi ma'ajiyar ledoji da murafen tukwane. Kwanon da mijina da 'ya'yana za su ci abinci a ciki, hannuna ne zai wanke shi. Haka na taso na ga uwata tana yi, kuma ba ta mutu ba sai da kwananta ya ƙare.

Ita kuwa Madam, in kika ga gaban madubinta sai ki rantse kanti ne. Man safe daban, na kwanciya daban, na hannu daban. Na sha gaya mata hannun mace ba na ado ba ne, kuma duk gidan da ta je da wannan hannu mai laushin burodi sai an dawo mini da ita. Ba ta musu, sai ta ce to Mama, ta ci gaba da shafe-shafenta.

To katina na izinin zama a ƙasar nan ya kusa ƙarewa, kuma ba a sabunta shi sai da fasfo mai sauran rai. Nawa ya zo gargara, haka na yarinyar, don tare aka yi mana. In kati ya mutu, wurin aiki za su ce in zauna a gida sai na gyara takarduna, daga nan kuma Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. Ita ta cike mana komai ta intanet. Muka sha jira kafin a ba mu rana a ofishin jakadancinmu da ke babban birni.

Ranar muka yi sammako muka hau jirgin ƙasa. Ɗakin jiran ofishin cike yake maƙil, kujerun ƙarfe a jere an haɗe su da juna, talabijin a bango tana ta motsi babu murya, kowa rungume da ambulan ɗinsa da 'yar takardar lamba. Na ji daɗin jin harshen gida ta kowane gefe. Wani saurayi ya baje a kujera da waya a kunne, ga dattijo tsaye a kansa da sanda. Ban san uwarsa ba, amma na yi mata aikinta. Ban gama magana ba ya miƙe. Madam ta yi ta jan gefen mayafina wai in bari, na ce mata in ta ji kunyata ta koma can baya ta zauna.

Aka kira lambarmu. Ma'aikaciyar yarinya ce mai ladabi, da ganinta ta samu tarbiyya. Ta fara da Madam. Ta ɗauke ta hoto, ta sa ta ɗora yatsu kan wata 'yar na'ura mai gilashi a sama, koriyar wuta ta kama nan take, hannun dama, hannun hagu, an gama. Aka zo kaina. Na ɗora yatsu, sai jar wuta. Ta ce in danna sosai, na danna, ja. Ta ce in sassauta, na sassauta, ja. Ta goge gilashin, ta ba ni tsumma mai danshi na goge hannu. Ta ce in hura musu iskar baki. Daga ƙarshe ta ce in shafa su a goshi ko za su ɗauki maiƙo. Ki duba fa, ni da girmana ina ta shafa goshi a gaban jama'a kamar wadda ta manta inda ta ajiye makulli. Wani a bayana ya ɗaga murya ya ce ko dai Hajiya hannun aro ta zo da shi. Wani ya ce a gwada na ƙafa mana, layi ya yi tsawo. Aka kwashe da dariya. Na waiwaya na dube su ɗaya bayan ɗaya, wurin ya yi tsit, amma a cikina ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai ma'aikaciyar ta juyo mini da fuskar kwamfutarta. Ga na 'yata, zane reras, layi na bin layi. Ga nawa, sumul kamar gindin faranti, sai tsage-tsagen kaushi. Ta rage murya, tana ce mini Mama, ta tambayi irin aikin da nake yi. Da na gaya mata sai ta gyaɗa kai. Ta ce bilic da ruwan zafi ne suka cinye zanen, kuma yakan dawo in an bar fata ta huta. Ta ba ni wata ranar, wadda ta faɗo dab da ƙarewar katina. Ta ce in na'ura ta sake ƙi, sai an haɗa da takardar likita an tura maganar can gida, hakan kuwa yana ɗaukar lokacin da ba ni da shi. Muka fito. Hannun da na yi shekaru ina yi wa gori ya wuce, nawa da nake taƙama da shi aka koro.

Muka hau jirgin komawa gida. Madam tana ta danne-dannen waya, na ɗauka shirmen da suka saba ne. Ashe shiri take ƙulla mini.

Washegari ina haramar fita aiki sai ta tare ƙofa ta ce babu inda za ni. Wai ta riga ta kira shugabarmu ta wurin aiki, ta bayyana mata komai, an ba ni hutun da na daɗe ina tarawa ban ɗauka ba. Ba ta tambaye ni ba, Hajiya. Ta ɗauki sirrin hannuna ta kai wa baƙuwa ba da izinina ba. Kafin in gama faɗan wannan sai na shiga ɗakin girki na tarar babu bilic, babu garin sabulu, babu soso. Ta kwashe su ta zuba a kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta sa ƙaramin kwaɗo, makullin yana cikin jakar makarantarta. Na kai ƙara wurin ubanta, yana shan shayi ya ce shi ba ya ja da umarnin Likita. Ta kai ni wurin likitan fata, aka ba ni wani mai mai kauri da farar safar auduga. Na ce to alwala fa, ko ita ma an kulle? Ta ce wa ya isa, sai dai in na idar in tsane hannu a hankali in shafa mai.

Haka na koma zaman kujera, hannuwa biyu cikin farar safa a kan cinya. Maigida duk sanda ya shigo sai ya ƙame ya sara mini, wai ya ga ɗan sandan ba da hannu, yana tambaya ko an ba shi izinin wucewa. Ban yi dariya a gabansa ba.

Na zauna ina jiran gidan ya rushe, don na tabbata zai rushe. Bai rushe ba. Ta kwashe ledojina daga cikin injin nan ta kunna shi, sai ga shi yana aiki, kwanuka suna fitowa da zafinsu. Samarin da ko kofin da suka sha ruwa ba sa ɗagawa, ta raba musu banɗaki da shara, suna gunaguni suna yi. Ubansu da kansa yake shanya kaya a baranda, har da 'yar waƙarsa. Miyar farko da ta yi ruwa ce tsululu, na kuwa gaya mata. Ba ta ji haushi ba. Washegari ta kawo mini cokali har kujera ta ce in ɗanɗana in faɗi abin da ya rage. Na ce albasar ba ta soyu ba ta zuba ruwa. Kafin mako ya zagayo sai ga uban yana neman ƙari, yana satar kallona. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba. Kullum in ta dawo daga makaranta, kafin ta cire takalmi ma wani lokacin, sai ta ɗauko kwalbar man ta zauna a ƙasa gabana, ta zare mini safar, ta riƙa bin yatsun ɗaya bayan ɗaya tana murzawa. Tana yi tana ba ni labarin asibitin da suke koyon aiki, tsohuwar da ke ɓoye magani a ƙarƙashin harshe, malaminsu mai mantuwar tabarau a kansa. Rabon da wani ya riƙe hannuna haka na manta. Wata rana tana cikin shafawa sai labarin ya tsaya, na ji ɗumi ya ɗiga a bayan hannuna. Kuka take, wai tsagar da ke babban yatsana ta gani. Na ce ta share ido, ba a yi mutuwa ba, kuma hannun nan bai taɓa miƙuwa ya roƙi kowa ba, ba abin tausayi ba ne. Ta share ta ƙarasa.

Ranar komawa ta zo. Wallahi tun daga tasha bakina bai huta da addu'a ba. Muka samu ma'aikaciyar nan dai, ta gane ni, ta yi murmushi. Na cire safa, na yi bisimilla, na ɗora. Na'urar ta ɗan yi jim, sannan koriyar wuta ta kama. Hagu ma ta kama. Babban yatsa ya so ya yi gardama, a karo na biyu ya bi sahu. Ma'aikaciyar ta tafa hannu a hankali ta ce Mama kin ci jarrabawa. Ban taɓa sanin launin kore yana da kyau haka ba.

Ina cikin hamdala sai Madam ta cafko hannuna da hannu biyu ta kai bakinta ta sumbata, hawaye shaɓe-shaɓe, a gaban ma'aikata, a gaban maza, a gaban kowa. Na fizge na ce meye haka, ba ki da kunya ne? Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma ina ganin kowace uwa mai kamun kai haka za ta yi. Ba a haka aka rene mu ba. Ta ce in yi haƙuri, ta ɗauki jakunkunanmu.

Fasfo ya iso ta gidan waya, mun shigar da takardun kati a kan lokaci, an ba ni ranar zuwa. Alhamdu lillahi. Amma tun daga ranar nan ba ta sake zama a gabana ba. Takan ajiye kwalbar man a kan tebur kusa da ni ta wuce. Tana girki, tana gaishe ni, duk abin da na ce ta yi tana yi, sai dai labarin asibiti ya ɗauke ɗif. Ni nake shafa abina.

Makullin kuma ta ƙi ba ni. Hutuna ya kusa ƙarewa, na ce ta buɗe kabad in karɓi ɗakin girkina. Sai ta ce, a gaban ubanta, har muryarta tana ɗagawa, wai su ma ofishin katin zama sai sun ɗauki zanen yatsu, kuma ita ba za ta sake tsayawa tana kallon ana yi wa uwarta dariya ba. Wai in na koma aiki na ƙi sa safa, da ƙafarta za ta je ta gaya wa shugabarmu. Ni za ta kai ƙara! Har uwata ta koma ga Allah ban taɓa ɗaga mata murya ba, balle in gindaya mata sharaɗi.

Kada ki ce na cika tsanani. Na ga gidaje a ƙasar nan da uwa ta koma kamar baƙuwa, 'ya'ya ke yanke hukunci ita tana gefe, don su suka iya harshen, su suka san takardu. Daga abu kaɗan yake farawa. Ni harshen mutanen nan ban ƙware ba. Ban iya taya su aikin makaranta ba, in an kira taron iyaye sai dai in yi ta gyaɗa kai. Abin da nake da shi da zan ba su shi ne hannun nan: tufafinsu fes, kwanonsu fes, abincinsu a kan lokaci. In aka ce shi ma ya zauna cikin safa, inji ya yi wanke-wanke, yarinya ta yi miya, to ni mene ne aikina a gidan?

Ki gaya mini yadda zan karɓi gidana ba tare da an yi tashin hankali ba. Na yi tunanin in kira baffanta can gida ya ja mata kunne, maigida ya ce kada in soma. Sannan ki fassara mini wannan shirun nata, don ni ya kamata in yi fushi, amma ni ce nake kasa kunne in ji motsin makullinta a ƙofar gida.

Taki,
Uwar Madam

AMSA

Wa alaikumus salam, Uwar Madam. Barka da arziki, Allah ya sa alheri a sabon fasfo. Na yi dariya a wurin ɗan sandan ba da hannu, ki gaishe mini da maigida, ki ce ya kyauta da ya hana ki kiran baffa.

Bari mu fara da yatsun, don su ne ba sa jira. A nan yarinya ta fi ki gaskiya. Tunda ofishin katin zama ma za su ɗauki zanen, duk ranar da kika tsoma hannu a bilic kafin lokacin kina rushe abin da kuka sha wahalar ginawa ne, ke da ita. Ki koma aiki da safa. In gumi ne damuwarki, ki sa ta auduga a ciki sannan ta roba a sama, ki kuma nemi wadda ta yi daidai da hannunki, don mai yawa ce ke hana jin abin da ake cuɗawa. Tabo kuwa, macen da ta yi shekaru tana wanki ba a dawo mata da shi ba, idonta ma ya isa ya gano shi. Ki ci gaba da man kamar yadda likita ya ce, ki roƙe shi ya rubuta miki 'yar takarda kan yanayin fatar, ki tafi da ita ranar katin ko da za a buƙata. Gaba kuma ku fara neman sabuntawa da sauran lokaci mai yawa, kada a sake tsayawa a bakin gaɓa.

Inda kike da gaskiya kuma ba zan rage miki ba. Bai dace ta kira shugabarku ba tare da ta shawarce ki ba, aikinki ne, sirrinki ne. Ɗaga murya da barazanar kai ƙara su ma kuskure ne, ko da tsoro ne ya sa ta. Ki gaya mata haka, ke da ita kaɗai, sau ɗaya, a taƙaice. Kada maganar ta ƙetare teku. In baffa ya kira ta yana faɗa, abin da za ta ji shi ne ta yi wa uwarta hidima an saka mata da tonon silili, kuma wannan tabon ya fi na zanen gado wuyar fita.

Makulli naki ne, ɗakin girkin naki ne, ya kamata ya dawo hannunki. Amma ki karɓe shi da alƙawari: ba za ki taɓa bilic da hannu tsirara ba, a gida ko a wurin aiki. Ke mace ce mai magana ɗaya, ta san haka, za ta miƙo. Injin kwanuka ya ci gaba da aikinsa, ledoji su nemi wani masauki. Samarin nan kuma kada ki kuskura ki karɓe musu banɗaki da shara. Abin da suka koya a 'yan makonnin nan matansu za su gode miki a kai wata rana.

Yanzu tambayar da ta fi damunki, wai mene ne aikinki in hannu ya huta. Ki sake karanta wasiƙarki. Saurayin da ya tashi ya ba dattijo kujera, da hannu kika ɗaga shi? Masu dariyar da suka yi tsit, soso kika nuna musu? Miyar da maigida ya nemi ƙari, wa ya ce albasa ba ta soyu ba? Kin zauna kina jiran gida ya rushe bai rushe ba, sai kika ɗauka ba a buƙatarki. Ni kuwa abin da na gani shi ne yarinyar da ta riƙe gida, da karatu, da maza uku, ba ta bar komai ya zube ba. A ina ta koya? Gidan da uwa ta zama baƙuwa, ba a kawo mata cokali har kujera a ce ta ɗanɗana.

Shirun nata ba fushi ba ne, kuma ba raini ba ne. Kunya ce da rauni. Makonni tana riƙe da hannun nan, ta san kowace tsaga da ke jikinsa, ta ga an yi masa dariya, sannan ta ga ya ci nasara. Murna ta kwashe ta ta yi abin da ba ku saba ba. Na fahimci kunyarki, mu ma haka aka rene mu. Amma ita abin da ta ɗauka shi ne ba kya son ta taɓa ki. Shi ya sa take ajiye kwalbar ta wuce. Ba ta daina so ba, tana jiran izini ne, kuma ke kaɗai za ki iya ba ta.

Ba zan ce ki tsara mata dogon jawabi ba, na san bakinki ba zai iya ba, ita ma za ta rikice. Ga abin da za ki yi. Gobe kada ki shafa man. Ki zauna a kujerar nan, kwalbar a rufe a kan tebur. In kika ji motsin makullinta ta shigo ta gaishe ki, ki ce mata hagu ba ya iya yi wa dama yadda ya kamata, ki miƙa mata hannun. In ta fara murzawa, ki tambaye ta ko tsohuwar nan ta daina ɓoye magani. In ta yi kuka, ki bar ta ta yi, ba a gaban kowa ba ne. In ta gama, kafin ta saki, ki ce Allah ya yi miki albarka, da murya yadda za ta ji. Faɗan kiran shugaba ya jira jibi, ba zai lalace ba.

Allah ya ƙara wa hannuwanki lafiya, ya sa ranar katin zama koriyar wuta ta kama tun ɗorawar farko. Ya raya miki Likita da ƙannenta, ya bar ku tare. In kuma ta sake kamo hannun a gaban mutane, ki daure ki bar mata shi.